Mutum-mutumin Sallah: Waye zai amsa idan ya cutar da ɗanka?

A Talatar ƙarshe kafin ƙaramar Sallah na shiga kasuwar Talata Mafara domin sayen takalman yara, ina riƙe da hannun ɗan ƙanwata mai shekara bakwai. Ba mu kai ga layin 'yan takalma ba ya ja rigata, ya ce, "Kawu, ga shi can!" Abin da ya hango mutum-mutumi ne na roba, ja da shuɗi, irin wanda ake nannaɗewa ya koma babbar mota, kamar dai wanda yake gani a fim a wayar yayansa. A jikin kwalin an manna hoton fim ɗin, sai dai an sauya harafi ɗaya a cikin sunan.

Na tambayi mai tebur, "Malam, wannan na asali ne kuwa?" Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, na asalin ai ba ya zuwa nan. Wannan shi ne asalinmu." Na biya Naira 3,500 muka wuce.

Kafin la'asar ɗin ranar Sallah hannun mutum-mutumin ya ɓalle, murfin bayansa ya faɗi, ƙananan batura uku masu kama da maɓallin riga suka warwatse a tsakar gida. Biyu muka samu nan take, na ukun sai da aka ɗaga tabarmi. Ana cikin nemansa ne na lura ƙanwar yaron, 'yar shekara biyu, tana tsotson hannun da ya ɓalle, jan fentin ya shafe mata leɓe. Na ɗauko kwalin ina neman sunan kamfanin da ya yi shi, ko adireshi, ko lambar waya. Babu ko ɗaya.

Tun ranar nake bibiyar yadda wannan harka take a duniya, kuma abin da na fahimta shi ne, mu a nan muna raba kayan wasa gida biyu, na asali da na jabu, alhali gida uku ne. Rashin bambance su ne ke sa muke yin tambayar da ba ta da amfani gare mu, mu bar wadda ta shafi ran 'ya'yanmu.

Gida na farko shi ne na masu lasisi. Mutum-mutumin da yaron ya gane sunansa Optimus Prime, daga jerin Transformers, wanda kamfanin Hasbro na Amurka ya fara sayarwa a 1984. Shi ma Hasbro ba shi ya ƙago kayan ba. Ya samo su ne bisa yarjejeniya daga kamfanin Takara na Japan, wanda tuni yake ƙera su da sunayen Diaclone da Micro Change. Aka sa masu sababbin sunaye, aka shirya masu labari da katun, kasuwa ta buɗe. Har yau Hasbro da Takara Tomy ne ke da iko da sunan da siffofin. Haka kamfanin Bandai yake da mutum-mutumin Gundam, wanda ya fara sayar da shi a matsayin gutattsarin da mai saye zai harhaɗa da kansa tun 1980.

Yaran da suka yi wasa da waɗannan kaya a shekarun 1980 yanzu magidanta ne masu albashi, kuma da yawansu ba su daina saye ba. Ba don wasa suke saye ba, tarawa suke yi su jera a kabad ɗin gilashi, kamar yadda iyayenmu mata ke jera kwalla da tasa. Domin irin waɗannan ne Takara ya fito da jerin Masterpiece a 2003. A 2019 kuwa Hasbro ya tallata wani ƙaton mutum-mutumi mai suna Unicron a kan kusan Dala 575, da sharaɗin ba zai ƙera shi ba sai mutum 8,000 sun yi alƙawarin saye, kuma aka samu. Idan Dala tana Naira 1,500, kuɗin ya haura Naira 860,000, wato ya ɗara albashin shekara guda na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000. Mai teburin nan bai yi ƙarya ba da ya ce na asalin ba ya zuwa nan.

Gida na biyu shi ne na jabu zalla. Waɗannan sayen na asalin suke yi, su kwance shi, su kwafi kowane yanki, su zuba roba mai araha, su manna tambarin da ba nasu ba. Mafi shahara a irin wannan shi ne Lepin, wanda ya riƙa kwafar kayan kamfanin Lego har da zanen kwali. A watan Afrilun 2019 'yan sandan Shanghai suka kai samame masana'antarsa, a 2020 kuma kotu ta ɗaure shugaban shekara shida tare da tara mai nauyi. A ƙarƙashin irin su Lepin akwai ɗimbin ƙananan masu zuba roba da ko sunan bogi ba su damu su sa ba. Daga cikinsu namu ya fito.

Gida na uku shi ne wanda ba mu san da shi ba a nan, kuma a kansa masu tara irin waɗannan kaya suka shafe shekaru suna gardama. Ƙananan kamfanoni ne, galibi a Chaina da Hong Kong, waɗanda ba su da lasisin Hasbro, amma kuma ba kwafa suke yi ba. Injiniyoyinsu ne ke zama su zana sabon mutum-mutumi tun daga tushe, mai kama da wani tauraron katun ɗin, su sa masa wani suna daban, su buga sunan kamfaninsu a kwali, su bar tambarin Transformers. A 2008 wani kamfani mai suna FansProject ya fitar da sulken da ake ɗora wa wani mutum-mutumin Hasbro da masu saye ke ganin an yi shi rabi da rabi, ya kira shi City Commander, aka yi rububinsa. A wajen 2011 kamfanin TFC ya fitar da Hercules, motocin aikin gini guda shida da ke haɗuwa su zama ƙato guda, abin da masoya suka daɗe suna nema. Sai a 2015 Hasbro ya fitar da nasa babban, mai suna Devastator.

Masu goyon bayan manyan kamfanoni suna cewa wannan ma sata ce, an dai sa mata babbar riga. Hujjarsu tana da ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. Abin da ke sa mutum ya biya kuɗi mai yawa shi ne ƙaunar da yake yi wa tauraron tun yana yaro, ita kuma wannan ƙauna wasu ne suka kashe dukiya wajen gina ta, da marubuta da masu zane da masu shirya fim. Wanda ya zo daga baya ya sauya suna yana girbin gonar da bai nome ba. Mu Hausawa ba baƙin wannan ciwo ba ne. Masu shirya finafinan Kannywood sun ga yadda satar fasaha ta cinye kasuwar faifai, furodusa ya ci bashi ya yi fim, kafin ya mayar da uwar kuɗi an riga an buga shi ana tallarsa a kan baro. 'Yan kasuwar Kantin Kwari sun ga yadda kwafar zanen atamfa ta taimaka wajen durƙusar da masaƙun Kaduna da Kano. Duk wanda ya san waɗannan ba zai yi saurin tafa wa marar lasisi ba.

To amma ɗaya ɓangaren ma ba a banza yake magana ba. Suna cewa babban kamfani ba ya motsi sai ya ji ana taka masa dunduniya, kuma gasar da ƙananan suka kawo ta sa manyan sun ƙara ƙoƙari. Suna kuma tuna mana cewa manyan da kansu da kwaikwayo suka fara. Bulon Lego na farko ya samo asali ne daga wanda wani Bature ɗan Ingila, Hilary Page, ya ƙera a kamfaninsa na Kiddicraft, kuma sai a 1981 Lego ya sayi haƙƙin. Da wa'adin kariyar ƙirar bulon ya ƙare, Lego ya nemi hana kamfanin Mega Bloks yin irinsa, Kotun Ƙolin Kanada ta ƙi amincewa a 2005. Doka da kanta ta yarda cewa ba a mallake wa mutum dabara har abada.

Ra'ayina a kan wannan gardama shi ne, dukkansu suna da rabon gaskiya, amma gardama ce ta masu ƙoshi. Rigima ce tsakanin kamfani da kamfani a kan wa zai ci kuɗin baligin da ya san abin da yake saye, ya karanta sharhin wasu a intanet, ya kuma ajiye kayan inda yaro ba zai taɓa ba. Lauyoyinsu sun ishe su. Uban da ke tsaye gaban tebur a Mafara, ko uwar da mai talla ya shigo mata gida a Bakura ko Maradun, lasisin Hasbro ba shi ne damuwarsu ba. Tambayar da ta shafe su ita ce, idan wannan abu ya cutar da yaro, wa za a kama?

A nan ne gida na ɗaya da na uku suka haɗu, suka bar na biyu shi kaɗai. Mai lasisi yana da suna. Marar lasisin da ke zana nasa shi ma yana da suna, kuma da sunan yake cin abinci, domin idan ya fitar da ruɓaɓɓen kaya sau ɗaya masu saye za su yaɗa shi su gudu. Mai jabun da ba ya sa suna ba shi da abin da zai yi asara. Gobe zai sauya kwali ya ci gaba.

Kada a ɗauka ina cewa kayan babban kamfani ba sa cutarwa. A watan Agustan 2007 kamfanin Mattel, ɗaya daga cikin mafiya girma a duniya, ya janye kayan wasa kusan miliyan ɗaya na Fisher-Price daga kasuwar Amurka saboda an samu dalma a fentinsu, bayan 'yan makonni kuma ya janye wasu miliyoyi saboda ƙananan maganaɗisu da ke ficewa yara su haɗiye. A 2009 hukumar kare masu saye ta Amurka ta ci shi tarar Dala miliyan 2.3, ƙasar kuma ta tsaurara dokarta a kan yawan dalmar da aka yarda da ita a fentin kayan yara. Abin lura shi ne, an iya yin duk wannan ne saboda akwai suna a kwali. An san wanda za a kira, an san masana'antar da ta yi aikin, an san lambar kayan da za a ce iyaye su mayar. Idan kamfanin da ke da ɗakunan gwaji ya faɗa wannan rami, me ake tsammani daga wanda ba ya gwada komai, kuma ba wanda ya san inda yake?

Idan akwai jihar da bai kamata a yi wa dogon bayani a kan dalma ba, Zamfara ce. A 2010 ne likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa gubar dalma ce ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya har Bagega. Aƙalla yara 400 suka rasu, dubbai kuma aka yi masu magani. Waccan dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito, ba daga kayan wasa ba, kuma ba ina cewa jan fentin da na goge a bakin yarinyar nan yana da ita ba, tunda ban gwada ba. Matsalar ke nan, ba wanda ya gwada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa, kuma kaɗan ɗin da ba ya kwantar da yaro yana iya taɓa ƙwaƙwalwarsa a hankali. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle, kuma mu an sare mu.

Batirin nan mai kama da maɓalli kuwa ba ya buƙatar gwaji kafin a san haɗarinsa. Idan ya maƙale a maƙogwaron yaro yana iya fara ƙona naman cikin sa'o'i biyu. Shi ya sa kamfanonin kirki ke ɗaure murfinsa da kusa mai juyi, ta yadda ba zai buɗu ba sai da sukudireba. Mai jabu yana ganin kusar nan ɓarnar kuɗi ce. Ka yi tunanin yaro ya haɗiye shi da dare a wani ƙauyen Maradun, a yanayin da hanyoyinmu suke ciki, sannan ka lissafa sa'o'i nawa za a ɗauka kafin a kai shi inda ake da na'urar ɗaukar hoton ƙirji.

Ba mai teburin Mafara nake zargi ba. Shi ma sarowa ya yi, kuma nasa 'ya'yan da irinsa suke wasa. Yawancin irin waɗannan kaya daga yankin Chenghai na birnin Shantou a kudancin Chaina suke fitowa, inda dubban masana'antun kayan wasa suke, nagari da na banza. Daga can sai tashar jiragen ruwa ta Legas, sai manyan dilolin Kano, sai Gusau ko Sakkwato, kafin su iso mu. A can inda ake yin su akwai masu inganci a farashin da bai fi ƙarfin talaka ba, masu suna da adireshi. Ɗan kasuwarmu ne ke zuwa ya ce a ba shi mafi araha. Hukumar SON tana da tsarin SONCAP tun 2005, wanda ya wajabta tantance kayan da ake shigowa da su kafin su baro ƙasar da aka yi su, kuma kayan wasan yara suna ciki. Akwai kuma hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye. Wurin aikinsu shi ne bakin kwantena da ɗakunan ajiyar manyan diloli, inda kwali dubu ke jibge wuri guda. Bin mai talla a ƙauye a ƙwace masa jari ba zai gyara komai ba.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ke hannun iyaye. A juya kwalin a nemi sunan kamfani da adireshi, in babu a ajiye. A duba murfin batir, in babu kusa a kansa kada a kai shi gidan da ke da mai rarrafe. A jiƙa tsumma a goga, in launi ya biyo a bar shi, ko da yake rashin biyowar launi ba shaidar rashin dalma ba ce. Abin da ke warin fetur ko ƙonanniyar roba shi ma a bar shi. Alamar CE da ake gani a kwali kada ta ruɗe mu, kowa na iya buga ta. Araha ba ta ado, balle ta yi lafiya. Su kuma shugabannin 'yan kasuwa a Mafara suna iya cewa mambobinsu su daina saro kayan yara marasa suna, kamar yadda mai kemis na kirki ba zai sayar da maganin da ba shi da lambar NAFDAC ba.

Akwai wani abu kuma da gardamar can ta ƙasashen waje ta tuna mini. Mu ma muna da namu masu ƙira marasa lasisi, kuma mun girme su a harkar. Duk wanda ya tashi a yankin Bakolori ya san yadda muke feƙe karan dawa mu yi mota, mu yanke gwangwanin madara da waya mu yi tirela, mu yi tayoyi da tsohon silifa, mu gina shanu da yumɓu. Katafila da tarakta da muke gani a bakin hanyoyin ruwan dam su muke kwaikwayo, ba wanda ya nemi izinin kamfanin da ya ƙera su, ba kuma wanda muka yaudara. Yaran yanzu sun wuce mu. Na ga yaro a Bakura da ya ciro ƙaramin injin daga mataccen rediyo, ya haɗa da batirin waya, motarsa ta kwali tana tafiya har da fitila. Abin da injiniyoyin FansProject suka yi ke nan, su dai sun samu jari da injin zuba roba.

Irin wannan yaro muke yi wa dariya, mu ce yana wasa da bola, sannan mu sayo masa roba marar suna da za ta karye kafin la'asar. Ba ina cewa nasa ba shi da haɗari ba, bakin gwangwani na yanka, fasa tsohon batir kuma guba ce. Wannan ne ma dalilin da ya sa yake buƙatar mai koya masa. A Talata Mafara akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, akwai Jami'ar Jihar Zamfara, a Bakura akwai kwalejin aikin gona. Me zai hana sashen injiniya ya riƙa shirya gasar ƙere-ƙeren yara sau ɗaya a shekara, a gayyato makarantun firamare da na allo daga ƙananan hukumomin uku, a ba ɗalibai aikin mayar da waɗanda suka yi fice kayan sayarwa masu santsin baki da fenti marar guba? Kafintoci da maƙera da teloli duk suna da abin da za su saka a ciki.

Ba ma sai mun taɓa kayan Hasbro ba. Gizo da Ƙoƙi ba su da lasisi a hannun kowa, haka Dodo da Botorami. Wanda ke da ja a kan siffar abu mai rai, ga tarakta, ga injin ban ruwa, ga kwalekwale, ga motar ɗaukar shinkafa. Wanda kuma ya ƙago sabon abu nasa, dokar haƙƙin mallaka da aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023 da dokokin rajistar tambari da ƙira suna nan domin kare shi. Ranar da yaronmu ya ƙera abin da wani zai so ya kwafa, ranar za mu fahimci dalilin da ya sa manyan kamfanoni ke kuka, kuma gara mu fara koya masa tun yanzu cewa koyi da gwani daban, manna tambarin wani daban.

Sharaɗi ɗaya nake so mu gindaya wa kowa, da na Amurka da na Chaina da na bayan gidanmu, shi ne ya rubuta sunansa a jikin abin da ya yi, ya kuma tsaya a inda za a same shi. Bayan Sallah da mako guda ɗan ƙanwata ya kawo mini ragowar mutum-mutuminsa, ya ɗaure ƙafafun a kan gwangwanin sardin, ya sa masa tayoyin murfin kwalba. Na ce masa ya yi kyau, amma saura abu ɗaya. Na ba shi biro ya rubuta sunansa a gefe, na ce in tayar ta fita na san wanda zan nema.